Tambayi Likita: Kula da Fata Lokacin Jinyar Ciwon Daji

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Mahaifiyata ce ake yi wa gashi da hasken na'ura saboda sankarar mama, yau mako 3. Wurin ya yi baƙi, ga ƙaiƙayi da raɗaɗi. Ko na'urar ce ta ƙone ta? Daga wata a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Allah Ya ba Mama lafiya. Hasken gashi sai ya ratsa fata kafin ya kai ga ciwon, a hanya kuma yana taɓa ƙwayoyin da ke sabunta ta. Galibi a mako na 2 ko na 3 abin ke bayyana, kuma a irin fatarmu duhu wurin ke yi maimakon ja. Yakan ma ƙaru har mako 1 zuwa 2 bayan an gama gashin kafin ya lafa. Ina faɗin haka ne don kada hankalinku ya tashi ku fasa zuwa.

Abin da na fi roƙonki, 'yar'uwa, a ajiye soso da ruwan zafi. Na san iyayenmu mata ba sa jin sun yi wanka sai sun dirje jiki, amma wannan wurin ba zai ɗauka ba. Ruwa mai ɗumi-ɗumi, sabulu marar ƙamshi, a wanke da tafin hannu, a tsane da tawul mai laushi ba tare da gogawa ba. Kada a goge alamar da ma'aikata suka zana, da ita suke saita na'ura. Ta sa riga mai yalwa ta auduga. Ban da turare, ban da mai mai yaji, ban da gasa wurin da tsumma ko ɗora ƙanƙara. Ko man kaɗanya ne, ku nuna wa masu gashin kafin a shafa. In fatar ta saɓule tana ruwa, musamman ƙarƙashin mama ko hammata, a kai ta a ranar.

Tambaya: Likita, tun da na fara kemo, wato magungunan kashe ƙwayoyin daji, tafin hannuna da farcena suka yi baƙi. Zan iya shafa man bilicin?

Amsa: A'a, Hajiya. Magunguna irin su doxorubicin da cyclophosphamide sukan jawo haka, kuma yana washewa cikin watanni bayan an gama. Farcen hannu kusan wata 6 yake ɗauka ya sake sabo. Yawancin mayukan bilicin suna sirantar da fata, su jinkirta warkewar rauni, alhali garkuwar jikinki ta riga ta yi ƙasa. Ki yawaita mai marar ƙamshi, musamman da hunturu lokacin faso. In kina shan ƙwayar kemo mai suna capecitabine sai tafin hannu ko na ƙafa ya kumbura yana zafi, ki sanar da likitanki kafin shan na gaba. Zazzaɓi kuwa da ya kai digiri 38 lokacin kemo, asibiti kai tsaye, ko da tsakar dare ne.

Tambaya: Matata ta gama jinya bara, an cire mata kaluluwar hammata. Yanzu hannun na kumbura, an ce mu je wanzami ya yi mata ƙaho.

Amsa: Malam, don Allah kada aska ta taɓa hannun nan. Ruwan jiki ne ya taru saboda an cire magudanarsa, ba mataccen jini ba ne. Ɗan tsaga kaɗan ya isa ya shigar da ƙwayar cuta. Ku koma asibiti, sashen gashin ƙashi, wato masu tausa da motsa gaɓoɓi, akwai tausa ta musamman da safar hannu mai matsewa. In hannun ya ɗau zafi ko zazzaɓi ya biyo, kada ku kwana a gida.