Kafin ka ɗauke fadar, duba abin da za ta ninka

Ɗan'uwa, sannu da ƙoƙari. Ka ce kana buga wasan kwamfuta na gina daula, Civilization IV, da ƙarin Beyond the Sword, a matakin wahala na Prince. Babban birninka yana can bakin teku a ƙurewar nahiya, ka bazu zuwa cikin ƙasa har birane 9, yanzu kuɗin ɗawainiyarsu ya cinye baitulmali, ma'aunin bincike, wato kason cinikin da ke tafiya ga binciken ilimi, ya sauko zuwa kashi 30. Kana tambaya ko ka ɗauke fada ka mayar da ita tsakiyar ƙasarka, kuma ko tun farko kuskure ka yi da ka kafa birnin a inda wasan ya ajiye ka. Na daɗe ina buga wannan wasa, wannan rami kuma na faɗa shi ba sau ɗaya ba, don haka bari in yi maka bayani a tsanake.

Amsata a gajarce ita ce, idan nisa kaɗai ne dalilinka, kada ka taɓa fadar. Ana ɗauke fada ne don a kai ta birnin da ya fi kowane tara kuɗin ciniki, ba don ta zauna a cibiyar taswira ba.

Fara da buɗe birnin da ya fi nisa, ka ɗora linzamin kwamfuta a kan kuɗin ɗawainiyarsa. Za ka ga an raba shi: akwai na nisa daga fada, akwai na yawan birane. Na biyun nan ko ina ka kai fadar yana nan daram, bai san da zamanta ba. Na farkon kaɗai ƙaura ke taɓawa, shi ma ba duka ba, domin duk abin da ka rage wa biranen cikin ƙasa za ka ƙara wa na bakin teku, waɗanda galibi su ne manya, kuma babban gari ya fi ƙarami tsadar riƙo. Ka ɗauki takarda ka tara kuɗin nisan na dukkan biranen. Sau da yawa mutum zai tarar abin da zai tsira da shi tsaba ce 'yar kaɗan a kowane zagaye, alhali fada guduma 160 take ci a gudun wasa na tsaka-tsaki (guduma ita ce ma'aunin aikin da birni ke gina abubuwa da shi). Guduma 160 kuwa daidai take da mai kafa gari ɗaya, 100, da lebura ɗaya, 60. Wato sabon birni sukutum da mai gyara masa gonaki.

Maganin ɗawainiya yana wani wuri dabam. Kotu, wadda ake samu bayan binciken kundin dokoki, tana zabge rabin ɗawainiyar birni, na nisa da na yawa gaba ɗaya, a kan guduma 120. Ka fara da biranen da suka fi ci maka kuɗi. In kana da birane 8 da kotuna 6 a taswira matsakaiciya, za ka iya gina Haramtacciyar Fada, wadda a jerin gine-gine aka rubuta Forbidden Palace. Ita wannan tamkar fada ta biyu ce wajen lissafin nisa: kowane birni zai riƙa auna nisansa daga wadda ta fi kusa da shi. Kai da ke da birane 9 ai ka riga ka cika sharaɗin farko, kotunan ne suka rage. Ka dasa ta can cikin ƙasa, a yankin da kake sa ran ci gaba da faɗaɗawa, ba a gefen tsohon birni ba, domin ita in an gina ta an gina ke nan, ba ta ƙaura. Daga baya akwai ginin Versailles mai irin wannan aiki, akwai kuma tsarin mallakar gwamnati da ke zuwa da kwaminisanci, wanda ke shafe kuɗin nisa baki ɗaya. Ka ga matsalar nisa tana da magunguna barkatai, ba sai an girgiza fada ba.

To yaushe ake ƙaura? A nan ne maganar take.

Idan ka kammala binciken aikin gwamnati, wato Civil Service, za a buɗe maka tsarin mulkin da ake kira Bureaucracy. Yana ƙara wa babban birni kashi 50 na guduma da kashi 50 na ciniki, shi kaɗai ban da sauran. Ƙarin cinikin nan kuma tun daga tushe ake yinsa, kafin a raba shi zuwa bincike da zinariya, don haka ɗakin karatu da jami'a da sauran gine-ginen ilimi a kan abin da aka riga aka ƙara suke ɗora nasu. Ita kanta fadar tana kawo ciniki 8, shi ma yana shiga cikin ƙarin. Saboda haka tambayar da ya kamata ka yi wa kanka ita ce: a wane birni ne kashi 50 ɗin nan zai fi auki?

Bari mu yi lissafi. A ce tsohon birninka na bakin teku yana da ciniki 20 har da na fada, sannan kana da wani a bakin kogi, cike da bukkoki da suka girma (bukka, wato Cottage, gini ne da lebura ke yi a fili don ya kawo ciniki), yana kawo 45. In fada ta tsaya inda take, 20 ya zama 30, a haɗa da 45, ka sami 75. In ta koma bakin kogi, tsohon ya sauko 12, sabon ya tashi 53, da ƙarin rabi ya kusa 80, jimla ta haura 91. Bambancin ya kai 16 a kowane zagaye tun kafin ɗakin karatu ya sa hannu, kuma kullum ƙaruwa yake yi yayin da bukkokin ke girma. Wannan shi ne ƙaurar da ke biyan kuɗinta. Amma kada ka manta da ɗaya gefen: in tsohon birnin ma'adinai ne suka kewaye shi, yana ba da guduma 20, to 10 ɗin da tsarin ke ƙara masa sun tafi. In yaƙi ne a gabanka, wannan asara ce da za ka ji a jikinka.

Akwai wani wasa da har yau ina tuna shi. Na fara a bakin teku, kifi a gefe, tsaunuka uku a baya, birni mai saurin girma amma babu kogi, filin noma kaɗan ne. Birnina na uku na kafa shi a wani kwari, kogi ya ratsa ta tsakiyarsa, fadama hagu da dama. Tun ranar da na kafa shi na yanke shawarar nan fada za ta dawo, kuma wannan shawarar ta wuri ita ce ta gyara komai. Leburori biyu na tsayar a wurin, ba gona ko ɗaya sai inda abinci ya tilasta, sauran duk bukkoki. Dazuzzukan da ke kewaye da shi na hana kaina sare su, duk da ina ganinsu ina sha'awa, sai da na gama binciken ilimin lissafi, lokacin da kowane daji ke ba da guduma 30 maimakon 20. Dalili kuwa shi ne birnin bukkoki ba shi da guduma. In ka bar shi ya gina fada da ƙarfin kansa za ka tsufa kana jira. Dazuzzuka biyar 150 ke nan, saura 10. Na jera saran yadda fadar ta kammala dab da shigowar Civil Service, na sauya tsarin mulki, a zagaye na gaba na ga adadin bincike ya yi tsalle. Tsohon birnin bai lalace ba, ya zama wurin ƙera sojoji da haihuwar masu kafa gari, aikin da dama shi ya fi dacewa da shi.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Bukka tana buƙatar zagaye 10 ana aiki a kanta kafin ta zama tunga, tunga 20 kafin ta zama ƙauye, ƙauye 40 kafin ya zama gari. Zagaye 70 ke nan, kuma ba ta girma sai in akwai ɗan birni a kanta. Wadda aka gina aka bari ba kowa, yadda aka bar ta haka za a same ta. Wata dabara da mutane da yawa ba sa amfani da ita: ka kafa ƙananan birane kusa da wanda zai zama babban birnin, yadda filayensu za su shiga cikin juna. Su riƙa raino masa bukkokin da mutanensa ba su kai su riƙe ba, in ya girma ya karɓe kayansa sun riga sun nuna.

Sai wa'adin da ba a rubuta a ko'ina ba, amma shi ne na gaskiya: babban masanin kimiyyarka na farko. In ka sa shi ya gina makarantar masana, mai ƙara kashi 50 na bincike, ginin yana nan inda aka yi shi har ƙarshen wasa. Haka jami'ar Oxford mai ninka bincike, haka duk manyan mutanen da ka zaunar a birni. Fada tana tafiya, su ba sa binta. A wani wasa na yi wannan kuskuren, na gina makarantar a tsohon birni, na zaunar da masana biyu, sannan can a tsakiyar wasa na ci babban birnin maƙwabcina, wuri mai kogi da garuruwa da suka gama girma. Raina ya biya, na kai fada can. Sai na wayi gari ƙarin kashi 50 yana gabas, makarantar tana yamma, babu wanda ke ninka ɗan'uwansa. Ribar ta zo, amma ba ta kai rabin abin da na zata ba, ga guduma 160 da aka fi buƙata a bakin daga. Ƙwace babban birnin abokin gaba a mayar da shi naka dabara ce mai kyau, domin wuraren farawa duk wurare ne masu albarka, sai dai tana da kyau ne in ta zo da wuri.

Abubuwa kaɗan da za ka lura da su ranar ƙaura. Babu juyin mulki, ƙasa ba ta tsayawa. Amma fada tana ɗauke da farin ciki 1 da al'ada 2, suna tafiya da ita, don haka in tsohon birnin yana bakin gejinsa za ka ga mutum guda ya yi fushi ya ajiye aiki. 'Yan leƙen asiri babban birni suke komawa bayan sun gama aiki. Kuma kada ka kai fada kan iyaka da maƙwabci mai zafin kai. In kumbon sama jannati kake nufin cin wasa da shi, aka ƙwace babban birni yana hanya, kumbon ya tafi ke nan.

Batun zagayen farko kuwa, ban ga alamar ka yi kuskure ba. Wasan yana gyara wurin farawa da gangan, yana zuba abinci a cikin gidaje 20 na taswira da birnin zai riƙa ci, wani lokaci ma akwai dawaki ko tagulla ko ƙarfe a ɓoye, ba za ka gansu ba sai ka yi bincikensu. In ka ga fili fetal shi kaɗai a tsakiyar daji, ka yi zargin akwai abu a ƙasansa. Wanda ya ɗauki mai kafa gari ya shiga yawo zagaye uku, huɗu, garin neman gira yakan rasa ido. Ni abin da nake yi shi ne in fara tura mayaƙi ko ɗan leƙen hanya kan tudu mafi kusa, in ga abin da hazo ya rufe, sannan in yanke hukunci. Mafi yawan lokaci a nan inda nake nake kafawa.

Taku ɗaya yana halatta a wurare uku. Na farko tudun fako, wato tudu mai launin ƙasa ba kore ba: birnin da ke kansa yana samun guduma 2 maimakon 1 tun daga ranar farko, leburan farko ya fito a zagaye 12 maimakon 15, ga ƙarin kariya kashi 25. Ka ba da zagaye ɗaya ka karɓi uku. Na biyu, in wasan ya bar ka gida ɗaya tsakaninka da teku. Wannan wuri ne mara daɗi, ruwa ya cika maka fili amma ba ka da ikon gina hasumiyar fitila ko kwalekwalen kamun kifi. Ko ka matsa bakin ruwan sosai, ko ka ja baya. Na uku, in takun zai shigo da abinci na biyu ba tare da ka saki na farko ba. Masara mai ban-ruwa a kan korayen fili abinci 6 take bayarwa, kowane ɗan birni 2 yake ci, ka ga ita kaɗai tana riƙe da mai nomanta da wasu biyu da za su tafi ma'adinai. Irin wannan ba a barinta a baya don tudu.

In kana taɓa Civilization V ko VI, wannan lissafin ƙaura bai shafe su ba. A can inda ka kafa nan ne, kuma babban birni na asali shi ake ƙwacewa a ci wasa da yaƙi. Dido, shugabar Finisiya a wasan, ita ce aka ba wa ikon sauya babban birni a na VI, a ƙarin Gathering Storm na 2019, ta hanyar tasharta ta jiragen ruwa.

A naka wasan, ga abin da zan yi in ni ne. Kashi 30 da birane 9 ba mutuwa ba ce, ƙasa ce da ta yi saurin tsawo, nama bai cika ba tukuna. Ka dakata da kafa sababbin birane, ka nufi kundin dokoki da binciken kuɗin tsaba, ka sa kotu a birane shida, ka zuba bukkoki a duk bakin kogin da kake da shi. Sannan ka buɗe tsohon birnin da birnin da ya fi kowa ciniki, ka rubuto mana cinikin kowanne da gudumarsa, da inda makarantar masana take in ka riga ka gina, da yawan dazuzzukan da suka rage a kusa da sabon. Da waɗannan lambobin za mu zauna mu yi lissafin tare.