Ga mai son karatun holografi a Jamus: abin da za ka shirya tun daga gida

Ƙanena, ka ce ka gama digiri a fiziks, kana son yin mastas a Jamus kan holografi na dijital, amma jami'arku ba ta da ɗakin gwajin leza, kana tsoron kada a raina ka. Kwantar da hankalinka. Abin da za a duba a wurinka shi ne lissafin Fourier (hanyar rarraba igiya zuwa sauƙaƙan igiyoyin da suka haɗa ta) da iya rubuta manhaja. Kayan aiki a nan za ka same su.

Kyamara ƙarfin haske kawai take gani, ba ta ganin jinkirin da igiyar haske ta yi sa'ad da ta ratsa abu. Dabarar holografi da masanin fiziks Dennis Gabor ya wallafa a 1948, wadda ta kai shi ga kyautar Nobel a 1971, ita ce a haɗa hasken da ya taɓa abu da wani hasken da bai taɓa komai ba, sai su haifar da ratsi-ratsi masu ɗauke da wannan jinkirin. A 1994 Schnars da Jüptner a Bremen suka ɗauki ratsin kai tsaye da kyamarar dijital ta CCD, kwamfuta ta fitar da hoton, wannan shi ne holografi na dijital. Daga hoto guda kana iya daidaita gani a zurfi daban-daban, ka kuma auna kaurin abu.

Amfaninsa a masana'anta shi ne auna lanƙwasa ko rawar ƙarfe ba tare da an taɓa shi ba. Amma wanda ya fi shafar mu shi ne jini. Ana auna kauri da siffar jajayen ƙwayoyin jini ba tare da rini ba, kuma an yi bincike da shi kan maleriya da sikila. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu sikila, don haka idan wannan ne burinka, rubuta shi ƙarara a takardar neman gurbi.

Ka haɗa taka na'urar holografin tun yanzu. Nemi kyamarar ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi ta biyu, mai fiksel (ɗigon da ke ɗaukar haske) na maikromita 1.12, ka cire mata gilashin gaba. Sa koriyar fitilar LED bayan ƙaramar huda ta maikromita 50 zuwa 100, ka nisanta ta santimita 5 zuwa 10. Samfurin kuwa, wato abin da za ka duba, ya kusanci idon kyamarar, kamar milimita 1. Sai ka rubuta lissafin a harshen Python da kayan lissafinsa na NumPy: ka yi wa hoton FFT (lissafin Fourier na kwamfuta), ka ninka da ma'aunin tafiyar haske na nisan da ka zaɓa, ka mayar da FFT baya.

Hoton farko zai ɓata maka rai, ga kuma dalili. Idan ka adana shi a JPEG, matsewar tana cinye ƙananan ratsin, don haka ɗanyen hoto za ka ɗauka, ka yi aiki da koren fiksel kaɗai. Idan hudar ta yi faɗi ratsin zai dushe. Ƙura ɗaya a kan kyamara zobba take zanawa, maganinta ka ɗauki hoto babu samfuri ka raba da shi. Sai tagwayen hoto, wata inuwa da ke kewaye abin da kake dubawa, domin a wannan tsari haskokin biyu hanya ɗaya suke bi. Leith da Upatnieks sun magance ta a 1962 ta hanyar karkatar da haske ɗaya. Karkatarwar tana da iyaka: da leza mai nanomita 633 da fiksel na maikromita 3.45, kwanar ba za ta wuce kimanin digiri 5 ba, in ta wuce kyamara ba ta iya rarrabe ratsin. Wanda ya iya fitar da wannan lissafi da hannu a hira da malamai ya yi rabin aiki. In ka koma leza, kada ka taɓa leƙa hasken da idonka.

Batun makaranta, duba Abbe School of Photonics a Jena, da makarantar ilimin haske ta KSOP a Karlsruhe, da shirin mastas na MAOT a Erlangen. Duka da Turanci ake koyarwa. Karlsruhe tana jihar Baden-Württemberg, inda ɗaliban da ba na Tarayyar Turai ba ke biyan Yuro 1,500 kowane zangon karatu tun 2017. Ni Jena zan fara ba ka shawara, saboda tsohuwar cibiyar aikin gilashi da haske ce, a nan kamfanin gilashin hange na Zeiss ya samo asali.

Biza tana buƙatar asusun banki da ake kullewa, mai ɗauke da kuɗin zamanka. Tun Satumba 2024 adadin ya zama Yuro 11,904 a shekara, amma ka sake dubawa kafin ka tura kuɗi, yana canzawa. An yarda ɗalibi ya yi aiki cikakkun kwanaki 140 a shekara, sai dai kada ka dogara da shi a zangon farko, darussan suna da nauyi. Bayan kammalawa ana ba da wata 18 na neman aiki, kuma a nan Jamusanci zai yi maka rana, ka fara koyonsa yanzu.

Ka ɗora hotunanka da manhajarka a GitHub, shafin ajiye manhaja, har da waɗanda suka lalace da bayanin abin da ya lalata su, ka saka adireshin a takardarka. Allah Ya ba da sa'a.