Di María bai iya ƙwallo ba ne, ko Manchester United ce ba ta karɓe shi ba?

Malam, ka ce kun yi gardama a gidan kallo kan ko Ángel Di María ɗan wasa ne na gaske, tunda ya kasa a United. Ni dai a ganina kuskuren shi ne auna mutum da kaka ɗaya.

Daga Rosario Central ta Ajantina ya koma Benfica a 2007, sai Real Madrid a 2010. A wasan ƙarshe na gasar zakarun Turai na 2014, da Real Madrid ta doke Atlético, shi aka zaɓa gwarzon wasa.

United ta saye shi fam miliyan 59.7 a watan Agustan shekarar, kuɗin da babu ƙungiyar Ingila da ta taɓa biya a lokacin. Ya fara da zafinsa, har ya ɗaga wa golan Leicester ƙwallo ta saman kai. Amma kocin United na lokacin, Louis van Gaal, ya yi ta sauya masa wuri, yau gefe, gobe tsakiya, jibi gaba. Ga rauni, ga ɓarayi da suka yi yunƙurin shiga gidansa iyalinsa na ciki. Sannan ya ja rigar alƙalin wasa a karawarsu da Arsenal, aka ba shi jan kati, wannan kam laifinsa ne.

A PSG ta Faransa kuwa, inda ya koma bayan United, shekara 7 ya yi yana raba ƙwallo, kafin Juventus a 2022.

Wani kuskuren: kada ka haɗa ƙwallayen da ya ci wa Ajantina da na ƙungiya.