Amsa ga Alhaji kan yi wa kamfani rajista a Istanbul

Assalamu alaikum. Alhaji, ka ce kana saro tufafi a unguwannin Laleli da Merter na Istanbul kana turowa Kano, yanzu kuma kana son kafa kamfani a Turkiyya, shi ne kake tambaya ko dole ne ka ɗauki lauya, ko dillalin da ke yi maka tafinta ya wadatar. Na daɗe a wannan harka, kuma shawarata ita ce ka nemi lauyanka na kanka tun kafin ka sa hannu a kowace takarda.

Rajistar kanta ba ta da wahala. Tun daga 2003, doka mai lamba 4875 ta daidaita baƙo da ɗan ƙasa wajen zuba jari, don haka ba ka buƙatar Baturke a matsayin abokin tarayya, ko da wani ya ce maka sai da shi. Ana shigar da bayanai a MERSİS, manhajar gwamnati ta rajistar kamfanoni, a kammala a ofishin rajistar kasuwanci, in takardu sun cika cikin 'yan kwanaki an gama. Takardunmu na gida ne suke cin lokaci, domin Najeriya ba ta cikin yarjejeniyar hatimin apostil, wanda ke sa a karɓi takardun wata ƙasa ba tare da sun bi ta ofishin jakadanci ba, saboda haka in kamfaninka na Kano ne zai riƙe hannun jarin, sai takardun CAC sun bi ta ma'aikatar harkokin waje da ofishin jakadancin Turkiyya a Abuja, sannan a fassara su zuwa Turkanci.

Inda lauya yake cin kuɗinsa da halal shi ne zaɓen irin kamfanin. Iri biyu aka fi yi, limited da anonim (babban kamfanin hannun jari). Dillali zai tura ka zuwa limited saboda arha, tunda daga farkon 2024 mafi ƙarancin jarinsa lira 50,000 ne, na anonim kuwa 250,000. Abin da ba zai gaya maka ba shi ne, a limited, idan kamfani ya kasa biyan haraji ko kuɗin inshorar ma'aikata, hukuma tana iya bin mai hannun jari har cikin dukiyarsa gwargwadon kasonsa, alhali a anonim wannan nauyi yana kan masu gudanarwa ne, ba kan wanda ya sa jari kawai ba. Ga mutumin da zai zauna a Kano ya bar wani yana juya masa kamfani a Istanbul, wannan ba ƙaramin bambanci ba ne.

Sai takardar wakilci, wadda ake yi a ofishin noter, wato jami'in da ke tabbatar da takardu a hukumance. Za ka je da fasfo, tafintan da aka rantsar ya karanta maka ita da sauri, mutane na jira a bayanka, a nuna maka inda za ka sa hannu, a buga hatimi. Na ga ɗan'uwanmu da ya sa hannu a irin wannan yanayi yana zaton izinin rajista kaɗai ya bayar, ashe a ciki har da ikon cire kuɗi daga banki da sayar da hannun jari. Ka sa lauya ya rubuta ta, ya taƙaita ta ga aiki ɗaya, ya kuma yanka mata wa'adi. Kada ka yarda da lauyan da mai sayar maka da kaya ya kawo, komai kirkinsa, domin ranar da rigima ta tashi ka san ɓangaren da zai tsaya. Duk lauyan da za ka ɗauka, ka tambayi lambar rajistarsa ta ƙungiyar lauyoyin Istanbul ka duba a shafinsu, tunda masu kiran kansu mashawarta suna da yawa, amma ba su da ikon tsaya maka a kotu. Lauyanka na Najeriya ma ba shi da wannan iko a can.

Game da kwantiragi, akwai tsohuwar doka ta 1926, mai lamba 805, da ta wajabta amfani da Turkanci a mu'amalar kamfanoni cikin ƙasar, kuma har yau ana kafa hujja da ita, don haka a rubuta da harsuna biyu. Ka sa a bayyana inda za a warware saɓani. Ni na fi son sulhu ta cibiyar ISTAC da ke Istanbul, inda ake yanke hukunci a wajen kotu, domin Najeriya da Turkiyya duk suna cikin yarjejeniyar New York ta 1958, wadda ta sa ake iya zartar da irin wannan hukunci a ƙasashen biyu. In kuwa kotu za a je kan bashin kasuwanci, tun daga 2019 ba a karɓar ƙara sai an fara zama gaban mai shiga tsakani.

Mallakar kamfani ba ta ba ka izinin aiki kai tsaye. Wannan nema ne daban, kuma ƙa'idar da aka saba ita ce kamfani ya ɗauki ma'aikata Turkawa biyar ga kowane baƙo ɗaya. Kuma ko kamfani bai yi cinikin lira ɗaya ba, akawu zai riƙa miƙa bayanan haraji yana karɓar ladansa kowane wata. Idan saro kaya kawai kake yi kana fitarwa, ka fara tambayar lauyan ko kwantiragi mai ƙarfi da masana'antar ba zai ishe ka ba, ba sai ka kafa kamfanin ba.