Me ya hana mysqlclient shiga kwamfutocinmu?

Tambaya: Assalamu alaikum Malamai. Mu uku ne ɗaliban jami'a a nan Maradi, muna gina shafin intanet da Django (kayan gina shafuka na harshen Python) don aikin kammala karatu. Ni Windows gare ni, abokina Ubuntu, 'yar'uwarmu kuma Mac. Mun buga pip install mysqlclient, a wurinta ya shiga, mu biyu ya ƙi. Nawa yana cewa "Microsoft Visual C++ 14.0 or greater is required", na abokina kuma "Can not find valid pkg-config name". Mun kwafo venv ɗinta (keɓaɓɓen wurin da ake ajiye kunshin Python na aiki ɗaya) ta USB, shi ma bai yi ba. Ina mafita? Ɗalibinku, daga unguwar Ali Dan Sofo.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ciwon naku ɗaya ne, kukan ne ya bambanta. Wani sashe na mysqlclient, kunshin da ke haɗa Python da rumbun bayanai na MySQL, da harshen C aka rubuta shi. In pip, mai sauko da kunshin Python, ya sami kunshin da aka riga aka harhaɗa daidai da kwamfutarka, sai ya sauke kawai. In bai samu ba, sai ya ce zai harhaɗa da kansa, kuma a nan yake neman kayan aikin da ba ku da su.

Kai mai Windows, kada ka yi saurin sauke Visual C++, yana cin gigabait da yawa, ga tsadar data. Fara buga python --version. Sau da yawa Python ɗin ne ya yi sabo da yawa, ko kuma na 32-bit aka sa, shi ya sa babu kunshin da ya dace. Buga python -m pip install --upgrade pip, sannan pip install --only-binary :all: mysqlclient. In ya ce bai sami komai ba, to ka tabbatar: sa Python na 64-bit wanda ya ɗan kwana biyu, ka sake buɗe venv sabo. A ganinmu wannan ya fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Na abokinka a fili yake. Tun daga sigar 2.2.0, mysqlclient sai da pkg-config yake gane inda fayilolin MySQL da yake buƙata suke. Ya buga sudo apt install python3-dev default-libmysqlclient-dev build-essential pkg-config, ya sake gwadawa. In Ubuntu 24.04 ce, zai iya cin karo da "externally-managed-environment". Kada ya tilasta da sudo pip da --break-system-packages, zai iya lalata Python ɗin da tsarin kansa ke amfani da shi. Ya sa python3-venv, ya yi aiki a cikin venv.

Kwafar venv kuwa, ku daina. A cikinsa akwai hanyoyin fayil na kwamfutar da aka yi shi a kanta, kuma abin da aka harhaɗa wa Mac ba ya tashi a Windows ko Ubuntu. Abin da za ku riƙa miƙa wa juna shi ne requirements.txt, wato jerin kunshin da aikinku ke buƙata, wanda pip freeze ke fitarwa, kowa ya gina nasa venv ɗin.

In intanet na yankewa ana tsaka da saukewa, ƙara --timeout 60, domin pip daƙiƙa 15 kawai yake jira. Sannan duk lokacin da jan rubutu ya cika allo, ku koma sama ku nemi layin farko da ya ce error. Na ƙarshen yakan ce abu ya faskara ne kawai, dalilin yana can sama.