Jarrabawar Turanci ta CET a ƙasar Sin: me ɗalibi zai saya, me zai bari a kanti?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina karatun digiri na biyu a Wuhan. Ƙanen wani abokina Basine yana aji biyu a jami'a, ya zauna jarrabawar CET-4, wato matakin farko na jarrabawar Turanci ta ɗaliban jami'o'in Sin, bai kai maki 425 da ake ɗauka a matsayin ci ba, kuma ya ce ɓangaren karatu da fahimta ne ke kayar da shi. Da suka ga ina jin Turanci sai suka nemi shawarata. Akwai wani kwas na intanet na yuan 2,000 da masu shi ke cewa duk wanda ya biya sai ya ci. Akwai kuma kundin tsofaffin takardun jarrabawar, wanda bai kai yuan 100 ba. Wanne za su saya?

Amsa: Ɗan'uwa, su sayi kundin. Amma kafin yaron ya buɗe shi, ka zaunar da shi ku duba yadda aka raba makin, domin ina kyautata zaton a nan ciwon yake.

Jimillar makin CET 710 ne. Karatu da fahimta yana da kashi 35 cikin 100, wato kusan maki 249, kuma minti 40 kacal aka ba shi. An raba shi gida uku. Na farko, a ba ka kalmomi 15 ka cike gurabe 10 a cikin wani ɗan rubutu, kuma rabonsa kashi 5 ne. Na biyu dogon rubutu ne mai kalmomi wajen 1,000, tare da jimloli 10 da za ka nemo sakin layin da kowacce ta fito. Wannan kashi 10 ne. Na uku rubutu biyu ne gajeru, kowanne da tambayoyi 5 na zaɓi, kuma su kaɗai sun kwashe kashi 20. Gaskiya ne cewa hukumar jarrabawar tana daidaita makin ƙarshe da ƙoƙarin sauran ɗalibai, don haka lissafin ba ya fita cif-cif. Duk da haka tambaya ɗaya a kashi na uku ta kai nauyin gurabe huɗu na kashi na farko.

To, ɗalibai da yawa suna farawa ne daga cike gurabe, saboda shi ne a gaba a takardar. Shi ne kuma ya fi cin rai. Yaro zai ɓata kwata na awa yana juya kalmomi, sai ya iso inda makin yake agogo ya riga ya ci shi, ya koma canki-canka. Ka ce masa ya juya tsarin: minti 18 zuwa 20 ga gajerun rubutun nan biyu, minti 12 ko 13 ga dogon, abin da ya rage ya ba gurabe. Wannan shawarar ko yuan ɗaya ba ta ci ba.

Batun kundin kuma, Sinawa suna kiran ainihin tsofaffin takardun da sunan "zhenti". Ya nemi na shekaru uku ko huɗu da suka wuce, mai ɗauke da bayanin amsoshi da fassarar rubutun. Ana yin jarrabawar sau biyu a shekara, a Yuni da Disamba, kuma galibi kowane zama yana fitowa da takardu iri uku, don haka na shekara uku ya ishe shi aiki. Kada ya karɓi gadon tsohon kundi na kafin Disambar 2013, domin a lokacin aka sauya fasalin tambayoyin.

Inda nake so ka dage masa shi ne yadda zai yi amfani da shi. Yawancin yara suna amsa takarda, su duba amsa, su ƙirga abin da suka ci, su wuce ta gaba. Wannan asarar takarda ce. Kowane rubutu ya bi ta kansa sau uku. Karo na farko da agogo, babu ƙamus. Karo na biyu ya cire agogon, ya ɗauko ƙamus, ya sake amsawa ba tare da ya leƙa amsoshin ba; idan a nan ya gyara kurensa da kansa, to matsalarsa gaggawa ce ko ƙarancin kalmomi, idan kuwa ya maimaita kuren, to bai fahimci ginin jimlar ba ne. Karo na uku ya ɗauki kowace tambaya ya ja layi a ƙarƙashin jimlar da amsar ta fito, sannan ya rubuta dalilin da ya sa sauran zaɓi ukun suka faɗi. Ba zai daɗe ba zai lura da halin masu tsara tambayar: amsar gaskiya takan faɗi abin da rubutun ya ce da wasu kalmomi daban, ta bogi kuwa takan kwafo kalmomin rubutun sak ta karkatar da ma'anar, ko ta ƙara masa gishirin da marubucin bai zuba ba.

Akwai kuma inda kai za ka amfane shi fiye da kowane kwas. A Sinanci duk bayanin da ke siffanta suna yana zuwa ne kafin sunan. Turanci kuwa yana jero dogon bayani a bayan sunan, kamar yadda mu ma muke cewa "mutumin da ya zo jiya da kaya". Shi ya sa jimla mai layi huɗu take rikita ɗalibin Sin ko da ya san kowace kalma a cikinta. Ku riƙa ɗaukar irin waɗannan jimloli biyar a zama ɗaya, ka sa shi ya nuna maka wa ya yi, me ya yi, ya ajiye sauran a gefe tukuna.

Kwas ɗin fa? Ban ce duk kwas banza ba ne, akwai malamai na ƙwarai, kuma da yawa daga cikinsu suna da darussa kyauta a Bilibili, dandalin bidiyo na Sin. Alkawarin "sai ka ci" ne ban yarda da shi ba. Babu mai iya lamunce wa wani sakamakon jarrabawar ƙasa. Abin da sukan nufa shi ne mayar da kuɗi ko maimaita kwas bisa sharuɗɗa, don haka idan iyayen sun nace, su karanta sharuɗɗan nan tsaf kafin su biya.

Tambaya: Malam, ina gaisuwa. Ni Basiniya ce, ina koyon Hausa a jami'a a Beijing. Na ci CET-4, yanzu ina shirin CET-6, matakin da ke gaba da ita, a watan Disamba. Mahaifiyata ta ce za ta saya mini alƙalamin ƙamus, wanda ake gogawa a kan kalma ya fassara ta nan take. Ni kuma ina tunanin biyan kuɗin manhajar haddar kalmomi. Wanne ya fi?

Amsa: Madalla da wannan Hausa taki, ƙanwata, Allah ya ƙara basira. Ki gode wa Mama, amma ki roƙe ta ta riƙe kuɗin alƙalamin zuwa bayan jarrabawa. Kayan aiki ne mai kyau ga wanda ke karanta takardun bincike yana sauri. Ke kuwa abin da kike bukata ki saba da shi yanzu shi ne cin karo da baƙuwar kalma ki hasaso ma'anarta daga maƙwabtanta, ko ki tsallake ta ki ci gaba. A zauren jarrabawa babu alƙalamin, kuma hannun da ya saba gogawa zai tsaya cak a kowace kalmar da bai sani ba.

Manhajoji irin su Baicizhan da Shanbay da Momo suna da amfani, kuma abin da suke bayarwa kyauta ya kai ki fara. Minti 20 a rana ya isa. Rauninsu shi ne mutum yakan haddace ma'ana ɗaya ga kalma ɗaya, CET-6 kuwa tana son kawo sananniyar kalma da ma'anarta ta biyu ko ta uku. Saboda haka littafin kalmomin da ya fi miki daraja shi ne wanda za ki rubuta da hannunki daga tsofaffin takardu, kowace kalma tare da jimlar da kika tsince ta a ciki.

Ki kuma san abin da ya sauya daga CET-4 zuwa CET-6. Minti 40 ɗin yana nan yadda yake, amma dogon rubutun ya koma kalmomi wajen 1,200, gajerun kuma daga 300 zuwa 350 sun koma 400 zuwa 450. Saurin karatu ne zai raba gardama, kuma ba ya samuwa sai da karatu kullum. Akasarin rubutun ana ɗebo shi ne daga jaridu da mujallun Amurka da Ingila, a kan ilimi, lafiya, tattalin arziki, fasaha da zamantakewa. Ki duba abin da laburaren jami'arku yake da shi na irin waɗannan, ki riƙa karanta maƙala ɗaya a rana, sannan ki taƙaita ta a jimla biyu. Jaridar China Daily, wadda ake bugawa da Turanci a Sin, za ta taimake ki sosai a ɓangaren fassara, tunda can al'adu da tarihin Sin ake tambaya, sai dai kada ki dogara da ita kaɗai wajen karatu da fahimta, domin kin riga kin san batutuwanta, za ki ɗauka kin gane Turancin alhali labarin kika sani.

Tambaya: Ranka ya daɗe, ni ɗan kasuwa ne a Guangzhou. Ɗan tafintana ya ce ana sayar da takardun hasashen tambayoyin da za su fito, wasu ma a manhajar sada zumunta ta WeChat suna cewa suna da amsoshin kansu. In taimaka masa da kuɗin?

Amsa: Alhaji, masu cewa suna da amsoshi 'yan damfara ne, kuma wanda aka kama da satar amsa jami'arsa ce za ta fara hukunta shi. Takardun hasashe halal ne, amma kamfanoni ne suka tsara su, tambayoyinsu ba su kai na hukuma tsari ba. Idan za ka yi alheri, ka saya masa kundin ainihin takardun, ka ce ya ware na zaman ƙarshe kada ya taɓa su sai saura mako biyu, ya zauna ya amsa kowacce a zama ɗaya: minti 125 idan CET-4 ce, 130 idan CET-6 ce.