Amsa ga mai tambaya kan CompuServe da Prodigy da AOL

Wa alaikumus salam. Malam, ka tambaya cewa kafin intanet ta zama ruwan dare, tsakanin CompuServe da Prodigy da AOL wanne ya fi. Na yi karatu a Amurka daga 1989 zuwa 1997, duk ukun na shige su, har da na huɗu da ba ka ambata ba, wato GEnie.

Ka fara sanin cewa waɗannan kamfanoni ne da a wancan lokacin ake shiga da kwamfuta ta layin wayar gida don saƙonni da hira, kuma kowannensu gida ne mai katanga. Modem ɗinka, wato na'urar da ke haɗa kwamfuta da layin waya, zai buga lambar waya, ka ji ƙara kamar ana goga ƙarfe, sai ka faɗa gidan kamfani guda, mutanen gidan kaɗai za ka gani. Saboda haka mu a lokacin abu biyu muke dubawa: su wa za ka tarar a ciki, kuma yaya ake ƙirga kuɗin.

A wajena CompuServe ne babban yaya. Daga Kolombas ta jihar Ohayo yake, tun 1979 ya buɗe wa masu kwamfutar gida ƙofa. Da farko ba shi da ado ko kaɗan, rubutu ne zalla, ko suna ba ka da shi sai lamba mai waƙafi a tsakiya. Amma zaurukansa na tattaunawa cike suke da masana. In firintarka ta ƙi aiki ka rubuta da dare, kafin ka dawo daga lacca wani injiniya ya warware maka, wani lokaci ma ma'aikacin kamfanin da ya ƙera ta ne. Hoton GIF ɗin nan da kuke turawa a WhatsApp, can aka ƙirƙiro shi a 1987. Sai dai da awa ake biya, kuma da tsada. Dabararmu ita ce mu shiga da sauri mu kwaso saƙonni, mu kashe layi, mu karanta mu rubuta amsa a tsanake, sannan mu sake shiga mu tura.

GEnie na General Electric ne, ya fara a 1985. Da dare da ƙarshen mako yake da araha, lokacin da manyan kwamfutocin kamfanin ba su da aiki. Ɗalibi mai ƙaramin ƙarfi nan ya fi zama.

Prodigy kuwa haɗin gwiwar kamfanin kwamfuta na IBM da kamfanin kantuna na Sears ne, don iyali aka yi shi. Akwai launi da zane, da farko kuɗin wata ake biya ba na awa ba, talla tana ƙasan allo kullum. An so mutane su riƙa sayayya ne, su kuma suka ɓuge da hira. Da aka ce duk wanda ya wuce imel 30 a wata zai biya santi 25 kan kowane ƙari, masu amfani da shi suka yi ta kokawa.

AOL bai fi su ilimi ba, sauƙi ya fi su. A lokacin faifan manhajarsa har gida ake aiko maka kyauta, ka saka a kwamfuta, ka zaɓi sunan da kake so, ka shiga ɗakin hira. A Disamban 1996 suka mayar da shi dala 19.95 a wata ba iyaka, jama'a suka yi cincirindo har layukan suka cushe. A 1998 CompuServe ɗin ma ya koma hannunsu.

In da za a mayar da ni baya, CompuServe zan sake zaɓa, domin can na koyi kwamfuta a hannun mutanen da ban taɓa ganin fuskarsu ba. Abu ɗaya ne duk huɗun suka yi tarayya a kai: muddin kana ciki, wayar gidanka a toshe take. Akwai daren da Yaya ya yi ta nemana daga Kano don ya sanar da ni an yi mana haihuwa, bai same ni ba sai washegari. Daga ranar na daina shiga a lokacin da na san mutanen gida suna iya kira.